Maimakon a kashe unguwa, a biya masu rage lodi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wutar lantarki, kuma dan Allah ko ta yi tsawo kar a yanke min ita, don ta daɗe tana ci na a rai. Ni aikin wayarin nake yi a nan Kumasi, gidaje da shaguna da nikanika da kol sito (ɗakin sanyi na ajiye kifi da kaji) duk ina shiga, shi ya sa in aka ɗauke wuta wayata ce take fara ƙara, kowa yana tambaya ko daga gidansa ne ko duk layin ne.

Abin da ya dame ni shi ne har yau in wuta ta gaza a ƙasar nan tamu Ghana hanya ɗaya muka sani, a zaɓi wasu unguwanni a kashe musu, ba sanarwa ba biyan kowa komai, alhali akwai masu amfani da wuta da yawa da za su yarda su rage lodinsu, wato yawan wutar da suke ja, na awa biyu ko uku da kansu in dai an yi ciniki da su tun da wuri an kuma biya su. Wannan tsari ana yinsa a wasu ƙasashe kuma cikin kasuwar sarin wuta aka saka shi, inda kamfanonin da ke samar da wuta suke sayarwa, to mu ma muna da wannan kasuwa a doka, me ya hana?

Bari in fara da yadda abin yake aiki don mai karatu ya gane. Wutar da ke cikin waya ba a ajiye ta, a sakan ɗin da aka samar da ita a sakan ɗin ake shanye ta. Injinan Akosombo da Kpong da Bui da na gas da ke Tema da Aboadze duk tare suke juyawa a kan bugu 50 cikin sakan ɗaya, in abin da jama'a ke ja ya fi abin da ake samarwa sai bugun ya fara sauka, in ya sauka da yawa injinan su kashe kansu ɗaya bayan ɗaya don kar su lalace, shikenan duk ƙasa ta shiga duhu irin duhun da aka shiga a watan Maris 2021 da wani babban layi ya samu matsala. Saboda haka mutanen GRIDCo, kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta na ƙasa, da ke zaune a ɗakin kula da layuka a Tema in suka ga giɓi dole su cike shi nan take, ko dai a kunna ƙarin inji ko a rage masu sha. Ban ga laifinsu a nan ba, aikinsu ke nan. Tambayata ita ce wa ake ragewa, kuma wa ya zaɓe shi.

Kuma giɓin nan yawanci ba na yini guda ba ne. Daga magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare ne lodi ke kai ƙarshensa, kowa ya dawo gida, fanka da talabijin da ayan da firiji da cajin waya, lokacin zafi kuma a ƙara da AC. Lodin ƙasar a irin wannan lokaci ya wuce megawat 3,500, injinan da aka kafa kuwa sun wuce megawat 5,000, kaga a takarda wuta ta ishe mu har da saura, amma yau gas bai iso ba, gobe ana gyaran bututu, jibi wani inji ya tsaya ko babu kuɗin mai. Sai ka tarar abin da ya rage a cike bai taka kara ya karya ba in ka gwada da duka, amma saboda shi za a kashe unguwanni har tsakar dare.

Akwai wata hajiya a layinmu da ke yin ƙanƙara da sobolo da burkina, firiza biyu gare ta a zaure, da su take biyan kuɗin makarantar yara. Wani dare cikin zafin Maris wuta ta tafi tun kafin isha'i, da safe na je duba mata soket ɗin don tana zaton daga nan ne, na tarar ruwa ya malale har bakin ƙofa, ledojin ƙanƙara sun koma ruwa, nonon burkina ya yi tsami tana juye shi a bokiti tana share hawaye da gefen mayafi. Ita babu wanda ya tambaye ta ko za ta iya haƙura da wuta a daren nan, kuma ko an tambaye ta ba za ta iya ba. A wannan daren kuma akwai manyan wurare cikin garin nan da in da an kira su an ce ku sauke rabin lodinku zuwa ƙarfe goma ga kuɗinku, da gudu za su yarda don ba abin da zai lalace musu.

Mu a Ghana ma wannan tunani ba baƙo ba ne. Bayan an gama dam ɗin Akosombo a 1965, shekaru da dama babban mai shan wutarta kamfanin alminiyam na VALCO ne a Tema, kuma duk lokacin da ruwan tafkin Volta ya ja baya, irin na 1983 da 1998 da 2007, VALCO ake sa wa ya rage ko ya rufe don sauran ƙasa ta samu. A 2007 ɗin ne kuma gwamnatin Kufuor ta raba ƙwayayen fitila masu cin wuta kaɗan guda miliyan 6 kyauta, lodin yamma ya ragu da kusan megawat 124, dam ɗin Kpong gaba ɗayansa megawat 160 ne, wato da canjin ƙwan fitila kawai aka samu abin da ya kusa dam guda. Ashe mun san cewa megawat ɗin da aka rage daidai yake da wanda aka samar. Abin da ba mu yi ba shi ne mu sa masa farashi da doka ya zama kaya a kasuwa, kullum sai wahala ta zo ake yinsa da umarni.

Da dumso, wato matsalar yawan ɗauke wuta, ya zo daga 2012, bayan da bututun gas da ke zuwa daga Najeriya ya lalace a tekun Togo, har zuwa 2015 da muke yin awa 24 babu wuta awa 12 da wuta, sai duk hankali ya koma kan sayo injina. Aka kawo jirgin ruwan Karpower mai samar da wuta, aka kawo injinan kamfanin AMERI masu megawat 250, aka sa hannu kan kwangiloli irin wanda ko ka sha wuta ko ba ka sha ba sai ka biya. A 2019 ministan kuɗi na lokacin Ken Ofori-Atta ya faɗa wa majalisa cewa ƙasar na biyan sama da dala miliyan 500 a shekara saboda injinan da ba a amfani da su. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci, don ko kaso kaɗan na kuɗin nan aka ware ana biyan masana'antun cikin gida su rage lodi a lokacin matsi, da kuɗin sun tsaya a Tema da Kaase da Obuasi suna juyawa a hannun 'yan ƙasa.

To yaya ake yi a wasu wurare? A Amurka hukumar da ke kula da kasuwar sarin wuta, FERC, ta fitar da doka mai lamba 745 a 2011 ta ce wanda ya rage lodi a lokacin da ake buƙata a biya shi farashin da ake biyan mai samar da wuta a wannan awa, in dai yin hakan ya fi sauƙi ga sauran masu saye. Masu injinan wuta ba su ji daɗi ba suka kai ƙara, magana ta je har Kotun Ƙoli, a Janairun 2016 kotu ta ce hukumar na da gaskiya. A kasuwar PJM da ta haɗa jihohi 13 da birnin Washinton, masana'anta ko babban kanti ko jami'a suna yin alkawari tun kafin shekarar ta zo cewa in an shiga gaggawa za mu sauke megawat kaza, ana biyan su kuɗin zaman shiri ko an kira su ko ba a kira ba, in aka kira suka sauke a ƙara musu na abin da suka rage, in kuma aka kira suka ƙi a ci su tara. A Tezas akwai masu alkawarin sauka cikin minti 10 da masu minti 30. Ko a nahiyarmu kamfanin wuta na Eskom na Afirka ta Kudu na da irin wannan yarjejeniya da masu narka alminiyam, ana katse musu na ɗan lokaci in layi ya matsu su kuma suna samun wuta da rangwame.

Akwai kuma abin da ya faru a Kalifoniya ranar 6 ga Satumba 2022, ana tsananin zafi wuta na gab da gazawa, hukuma ta tura saƙon gaggawa wayoyin mutane cewa ku rage wuta yanzu, cikin ɗan lokaci lodi ya sauka da kusan megawat 2,000 ba a kashe unguwanni ba. Abin ya burge ni sosai amma ba zan ce mu dogara da irinsa ba, roƙo yana aiki sau ɗaya sau biyu, in ya zama kullum mutane za su daina buɗe saƙon, kuma injiniyan da ke Tema ba zai iya tsara darensa a kan wataƙila ba, yana son ya san tun da rana cewa yana da megawat kaza a hannu da zai kira su sauka. Shi ya sa nake nacewa kan kwangila da farashi. A Birtaniya ma da suka gwada da gidaje a hunturun 2022 zuwa 2023 biyan mutane suka yi.

Malam Edita, dokar wutar lantarki ta 2008, mai lamba L.I. 1937, ta riga ta kafa kasuwar sari a ƙasar nan, da cinikin kwangila tsakanin mai sayarwa da mai saye da kuma cinikin nan take, GRIDCo ne ke tafiyar da ita, Hukumar Makamashi ke ba da lasisi, hukumar PURC ke kula da farashi. Manyan masu shan wuta irin kamfanonin haƙar zinari suna sayen tasu kai tsaye daga can. Abin da nake nema shi ne a buɗe ƙofa ta biyu a wannan kasuwa, yadda mai inji ke zuwa ya ce ina da megawat 50 a kan farashi kaza, shi ma mai masana'anta ya zo ya ce zan sauke megawat 5 daga ƙarfe shida zuwa goma a kan kaza, a jera su tare, a fara ɗaukar mai araha. Kuma ina da yaƙinin sau da yawa mai saukewa zai fi araha, don megawat ɗin ƙarshe na dare shi ne mafi tsada, in gas ya yanke ɗanyen mai ko dizal ake ƙonawa a samar da shi, da dala kuma ake sayo su. Sidi 1 da aka ƙara mana a kan kowace litar mai a 2025 ai saboda bashin wannan ɓangaren ne da kuɗin man injinan.

Mu a Kumasi abin ya fi shafar mu don muna nesa da yawancin injinan, wuta sai ta yi doguwar tafiya daga bakin teku da Akosombo kafin ta iso, shi ya sa da yamma za ka ga fitila ta yi ja fanka na juyawa da ƙyar, kuma dalilin da ya sa aka ɗauko injinan AMERI daga Aboadze aka kafa a Anwomaso a 2024 ke nan. Megawat ɗin da aka rage a cikin Kumasi ya fi wanda aka ƙara a Tema amfani gare mu, don bai bi dogon layi ba balle ya zube a hanya.

Sai dai a yi hankali wajen zaɓen waɗanda za su shiga. Mutane da na yi wa maganar nan suna saurin cewa Magazin na Suame, unguwar garejin makanikai, amma weldodi da makanikai yawancinsu sun tashi kafin magariba, masu katako na Sokoban ma haka, lodinsu na rana ne, in matsalar ta dare ce ba su da abin sayarwa. Masu abin sayarwa su ne kol sito, masu piya wata da ke aikin dare, otal-otal da manyan kantuna masu AC, masana'antun da ke yin shif, da turakun kamfanonin waya da dama suna da batir. Kol sito na fi sani don ina yi musu aiki a wajen Asafo. Ɗakin da aka cika da katan ɗin kifi da kaji ya daskare sosai, in ka ƙara masa sanyi tun la'asar ka rufe ƙofa ka hana yara shiga da fita, kwamfuresa za ta iya hutawa awa biyu ba abin da zai samu kayan, ma'aunin da ke jikin ƙofa ɗan kaɗan zai motsa. Abin da ke kashe mai kol sito shi ne wuta ta tafi bai sani ba, bai san yaushe za ta dawo ba, ta kuma dawo da ƙarfi ko da rauni ta ƙona masa injin sanyi. Ka ba shi sanarwa tun azahar ka ce awa biyu ne ka kuma biya shi, ai ka taimake shi ne.

Za a ce waɗannan ƙanana ne kasuwar sari ba ta san su ba. Gaskiya ne, amma a misali in wurare 200 kowanne ya sauke kilowat 50, megawat 10 ke nan, ya isa ya bar unguwa guda da wuta. A can waje akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su tattara ƙanana su kai kasuwa a dunƙule. Mu 'yan Zango ba sai an koya mana wannan ba, haka kakanninmu suka yi cinikin goro da shanu a garin nan, baƙo ba ya zuwa kasuwa shi kaɗai, maigida ne ke sauke shi ya tsaya masa ya lamunce shi, in an samu matsala shi ake kamawa, ya ci la'adarsa. Ƙungiyar masu kol sito ko ta masu piya wata za ta iya zama maigidan nan, ta karɓi lasisi ta sa hannu a madadin 'ya'yanta.

Ba zan ɓoye inda abin yake da wuya ba, don in an fara shi da sakaci zai zama wata ƙofar cin kuɗi. Ana biyan mutum ne a kan wutar da bai sha ba, to yaya za a san nawa zai sha da ba a kira shi ba? Ana duba abin da mitarsa ta rubuta a irin wannan awa a kwanakin baya a ɗauka a matsayin ma'auni, mai wayo kuma sai ya riƙa kunna komai a kwanakin don ma'auninsa ya hau, ranar da aka kira ya koma yadda ya saba ya karɓi kuɗi. A Amurka ma an yi, har an taɓa cin tarar wani kamfani saboda an kunna fitilun filin wasa a Baltimo ranar da babu wasa don a nuna an rage da yawa. Maganinsa mita mai rubuta lodi duk bayan 'yan mintoci tana turawa kai tsaye, gwajin ba-zata, da tara mai zafi, kuma a wallafa sunayen waɗanda aka biya da nawa kowa ya gani. Sannan wanda zai sauka daga layi ya kunna tsohon janareta ya cika maƙwabta da hayaƙi, shi ma a sa masa ƙa'ida.

Abu mafi girma kuma shi ne biyan kuɗin. Kowa ya san bashi ya yi wa harkar wuta katutu, a Oktoban 2024 kamfanin samar da wuta na Sunon Asogli ya kashe injinansa masu megawat 560 saboda bashin dala miliyan 259 da yake bi. In babban kamfani irin wannan sai ya kashe inji kafin a saurare shi, mai kol sito a Asafo ba zai yarda da za a biya ka ba. Ni a ganina kar ma a yi maganar cek, a cire masa kai tsaye daga bil ɗin wata mai zuwa, mai firipeid kuma a zuba masa kiredit a mita cikin kwana biyu ya gani da idonsa, kuma a ware wa wannan kuɗin kasonsa a tsarin raba kuɗin wuta da aka fara a 2020 don kar ya zama sai an ga dama. In wata na farko aka biya kan lokaci ba sai an yi talla ba, labari zai zagaya kasuwar Kejetia da kansa.

Ban ce wannan zai magance irin dumson 2015 ba, lokacin da giɓin ya kai ɗaruruwan megawat dare da rana, wancan sai gas da kuɗi da gyaran injina. Kuma daban yake da maganar farashin dare da na rana da ake yi a ƙarƙashin shirin gwamnati na tattalin arzikin awa 24, wancan na kullum ne, wannan na ranar da aka matsu ne. Amma dararen da abin da ya rage kaɗan ne, kuma suna da yawa, babu dalilin da zai sa Aboabo da Asawase da Sawaba su kwana cikin zafi da sauro, yara masu shirin jarrabawa na karatu da tocin waya, alhali ba a ko tambayi masu iya saukewa ba. Kashe unguwa ya zama mataki na ƙarshe bayan an kira duk masu kwangila, in kuma ya zama dole a fitar da jadawali mutane su shirya.

Dan Allah Malam Edita ka tura ɗan jaridarka ya tambayi GRIDCo da Hukumar Makamashi da PURC, a dararen da aka rage lodi a bara megawat nawa ne giɓin kowane dare, nawa aka kashe wajen sayen mai don cike awannin yamma, kuma akwai wani abu a dokokin kasuwar da ya hana mai amfani da wuta ya sayar da ragin lodinsa? In babu, a fara gwaji da Kumasi kafin zafin Fabrairu da Maris ya shigo. 'Yan majalisarmu na Asawase da maƙwabta su ma su ɗauki maganar, masu kol sito da na tattauna da su a shirye suke su zauna da duk wanda aka turo.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai aikin wayarin, Aboabo, Kumasi